Damagaram: yaro da kara, yaro da kamara

Wanda ya taso daga Yamai ya nufi gabas, sai ya shafe kusan kilomita 900 kafin idonsa ya sauka a kan duwatsun Damagaram. Zai wuce Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya sha ruwa a Maraɗi, ya ratsa Tasawa da Takeita. Bayan Tirmini, inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojan Faransa a 1899, sai ƙasa ta fara sake kama: manyan duwatsu masu sulɓi su riƙa ɓullowa dama da hagu, wani bisa wani, kamar an jibge buhunan hatsi a bakin rumbu. A tsakanin waɗannan duwatsu garin yake zaune, kuma a gaskiya garuruwa uku ne aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai Birni, mazaunin sarauta da malamai. Akwai Zongo, masaukin fatake da ayarin raƙuma tun zamanin da ake zuwa Tarabulus ta hamada. Akwai kuma sabon garin da ya tsiro a tsakaninsu sa'ad da Nasara suka mai da Zinder hedkwatar ƙasar, daga 1911 zuwa 1926, kafin su kwashe takardunsu su koma bakin kogi.

Mai karatu ya san duk wannan, ko ya karanta a makaranta ko ya ji daga bakin tsofaffi. Abin da littafi ba ya gaya wa baƙo shi ne yawan yara. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da rabi a jahar Damagaram, wadda ta fi kowace jaha ta Nijar yawan jama'a, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su wuce shekara 15 da haihuwa ba. Ba sai an buɗe takarda ba: a tsaya a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis, ko a zaga unguwanni bayan sallar isha'i, a ƙirga fadodin samari. Kowane lungu da bencinsa, da butar shayinsa bisa gawayi, da sunan fadar a rubuce jikin bango. A hannun biyu ko uku daga cikinsu kuwa akwai wayar salula mai ɗaukar hoto da murya. Suna ɗaukar junansu suna raha, suna kwaikwayon ƴan wasan Kano, suna ɗora waƙa bisa hoton babur, suna aika wa abokai a Agadas da Libiya da Aljeriya. Wato na'urar da a da gidan telebijin na gwamnati kaɗai ke da ita, yau tana aljihun ɗan shekara 16 mai sayar da ruwan sanyi.

Kayan aiki dai sun shigo. Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: ina maigidan da zai koya wa yaron nan aiki da su? Domin Damagaram gari ne da bai taɓa barin sana'a a hannun yaro shi kaɗai ba, kuma shaidar haka tana rubuce a jikin bangayen Birni.

A shiga Birni da hantsi, kafin rana ta take, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana fito da kowane zane. Lungunan ƙanana ne, wani wurin jaki mai kaya da kyar yake wucewa. Amma a ɗaga kai a dubi fuskar zauruka. Ga dagi, ga igiyoyi masu sarƙe juna ba a ganin farkonsu balle ƙarshensu, ga takobi, ga allo, ga zankwaye a kan soro sun miƙe kamar kunnen zomo. Wasu an bar su da launin ƙasa, wasu an shafe su da fari da ja da shuɗi da rawaya. Masu yawon buɗe ido sukan tsaya su ɗauki hoto su wuce, suna zaton ado ne kawai. Alhali kowace fuskar gida magana ce: tana faɗin arzikin maigida, da sana'arsa, da ko ya je Makka, da kuma sunan maginin da ya yi ta, ga wanda ya iya karanta hannu. Da zamani ya kawo keke da mota da jirgin sama, magina a biranen Hausa ba su tsorata ba, suka ɗora su jikin bango kusa da dagi. Sabon abu ya shiga tsohuwar sana'a ta ƙofar gaba.

To, yaya ake zama magini? Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da cuɗa ƙasa da ƙafa. Sai a bar shi ya mulmula tubali ya shanya. Shekaru na tafiya, ya koyi jefa tubali sama ga wanda ke kan gini, ya koyi jera azarar giginya, ya san yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa domin yaɓe ya jure ruwa. Ba za a ba shi fuskar zaure ya zana ba sai maigidansa ya ga hannunsa ya faɗa. A duk tsawon wannan lokaci yana cin tuwon gidan, ana yi masa faɗa, ana aikensa, yana sauraron yadda ake ciniki da mai gini, yana ganin yadda ake gyara kuskure ba tare da an rushe bango duka ba. Haka abin yake a majema inda ake jeme fata da bagaruwa, haka wurin dukawa masu rina ta da karan dafi, haka a maƙera. Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta mai tsawo har zuwa 1884, ya ƙarfafa garun birni ya kuma sa aka ƙera masa igwa a cikin garin nan. Ba daga sama maƙeran suka faɗo ba, wani ne ya zaunar da su gefen zuga-zugi tun suna ƙanana.

Daga lungunan Birni hanya takan fitar da mutum filin ƙofar fada. Wanda ya yi sa'a ya zo ranar Juma'a ko ranar hawan salla, zai ga abin da masana na yanzu ke ba dogon suna, wai haɗa fasahohi iri-iri a aiki guda. Kakaki na kira, algaita na amsawa, tambari na bugu a ƙasa, maroƙi na jero kirarin sarakuna tun daga kakanni, dogarai cikin ja da kore, dawaki sun sha kayan dukawa da na maƙera, bayansu kuma ginin fada ya tsaya kamar labule. Sauti da launi da motsi da magana, duka a lokaci ɗaya, kuma kowane ɗaya da gwaninsa da yaransa a bayansa. Ma'azu Ɗan Alalo, wanda muryarsa ta kai sunan Damagaram ko'ina a ƙasar Hausa, bai taɓa tsayawa fage shi kaɗai ba. Ƴan amshi da makaɗa na kewaye da shi, kuma a cikin amshin nan ne ake koyon waƙa.

Amma abin da ya fi kusa da zancenmu shi ne wasan kara. Bayan an yi girbi an kai hatsi rumbu, karan dawa da na gero ya zama na yara. Da wuƙa da ƙaya da ɓargon kara suke ƙera bindiga da tabarau da agogo da mota, har da na'urar ɗaukar hoto. Sa'an nan a raba muƙamai: wannan sarki, wannan alƙali, wannan kumandan. Dattawa na cewa a zamanin Nasara ta wannan hanya ce talaka ke faɗa wa mai mulki abin da baki ba ya iya faɗa, domin ba a kama mutum don ya yi tafiya irin ta kumandan. Bayan samun ƴancin kai wasan bai mutu ba, sai ma ya ƙara girma a Zinder: akan nemo wanda ya yi kama da shugaban ƙasa, da mai kama da minista, da mai kama da gwamna, a yi musu sutura, su shigo fage da jerin gwano, su yi jawabi da irin muryar masu abin, wani lokaci masu abin na zaune suna kallon kansu. Inoussa Ousseini, ɗaya daga cikin magabatan sinimar Nijar, ya ga darajar wannan wasa har ya yi fim a kansa a 1980 mai suna Wasan Kara.

A lura da abu ɗaya a nan. Yaron da zai kwaikwayi gwamna sai ya yi kwanaki yana kallon gwamna: yadda yake gyara hula, inda yake tsayawa ya yi tari, kalmar Faransanci da yake yawan maimaitawa. Yaron da zai ƙera mota da kara sai ya tsuguna a tasha ya dubi yadda ƙafa ke haɗe da gangar jiki. Wannan kallon na tsanaki shi ne rabin aikin mai ɗaukar fim, kuma yaran Damagaram sun gaje shi. Sauran rabin shi ne wanda ake koya daga babba.

An taɓa samun lokacin da manya suka tsaya. A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, kuma tun daga 1976 aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, kowace shekara a babban garin wata jaha, ana gasar wasan kwaikwayo da waƙa da rawa. Kowa ya san gwamnatin soja na da nata buƙatu a ciki, kuma ba kowace magana ake bari ta hau dandamali ba. Duk da haka a wannan zamani ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Zinder, wadda sunan Yazi Dogo ya fi fita a cikinta, ta zama abin kwatance a ƙasa baki ɗaya, ta radiyo da farko, daga baya ta telebijin. Ina so ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan shafi su tuna su wane ne ƴan wasan nan. Galibinsu ma'aikata ne irinku, malaman makaranta da ma'aikatan ofis, waɗanda ke tashi daga aiki su haɗu da yamma. Ba su rubuta wasa kalma bayan kalma. Sukan zauna su tattauna labari, su raba matsayi, kowa ya zuba maganarsa, a yi ta maimaitawa har wasa ya nuna. Yaro mai sha'awa yakan fara da ɗaukar tabarma da kujera, gobe a ba shi matsayin ɗan aike mai magana ɗaya, bayan shekara biyu ya zama shi ne ango a cikin wasa. Tsarin magina ne sak, an dai sake kayan aiki. A waɗannan shekaru ne kuma Mahamane Bakabé ya yi fim ɗin Si les cavaliers, a 1982, daga rubutun André Salifou, ɗan garin nan masanin tarihi wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa a yau. Fim ɗin ya ba da labarin abin da ya faru a 1906, sa'ad da Faransawa suka zargi Sarki Amadu Ɗan Bassa da shirya tawaye suka tuɓe shi.

Abin da ya biyo baya ba sai an tsawaita ba, masu karatu da yawa a jikinsu ya faru. Kuɗin uraniyom ya ja baya, samariya ta watse bayan taron ƙasa na 1991, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, albashi ya riƙa makara wata da watanni, makarantu suka yi shekarun banza. Mushen da bai ga albashi ba ba ya da zuciyar koya wa ɗan wani wasa da yamma. Gidajen sinima suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kasakasan Kano, waɗanda muke kira dandalin soyayya, suka cika gurbin. Samari kuwa suka koma fada, su da butarsu.

Wurin da ya rage ana haɗa yaro da gwani a kai a kai shi ne Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, mai ɗakin karatu da dandamalin wasa a fili, inda mawaƙa da masu zane da ƴan wasa daga Yamai da ƙasashen waje kan sauka. Ranar 16 ga Janairun 2015, a cikin zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, aka cinna wa cibiyar wuta, tare da majami'u, aka kuma yi hasarar rayuka. Fushin musulmi a kan ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba abin tambaya ba ne. Amma littattafan da suka ƙone ƴaƴan Damagaram ne ke karanta su, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da galan ɗin mai tsararsu ne. Daga baya, bayan juyin mulkin Yulin 2023, dangantaka da Faransa ta yanke, har a 2024 aka sake wa babbar cibiyar ta Yamai suna zuwa na Moustapha Alassane. Kowa na iya yanke hukuncinsa a kan siyasar lamarin. Abin da ya shafe mu shi ne, garin da ya jingina tarbiyyar fasahar ƴaƴansa da bangon baƙo, ranar da baƙo ya naɗe tabarma sai a ga babu inda za a zauna. Gidan Matasa da Al'adu mai sunan Abdou Salam Adam yana nan, namu ne, kuma a kansa ya kamata ido ya koma.

Daga tsakiyar gari, ɗan kabu-kabu zai kai mutum Kara-Kara cikin ƴan mintoci, amma akwai haifaffun Zinder da suka tsufa ba su taɓa taka unguwar ba. Asalinta wurin da aka keɓe kutare ne da sauran waɗanda gari ya ture gefe, kuma ƙyamar da aka yi wa iyaye ta bi ƴaƴa da jikoki. A irin waɗannan unguwanni ne ƙungiyoyin samari da ake kira pale suka yi ƙarfi, masu ɗaga ƙarfe da faɗan adda, waɗanda sunansu kaɗai kan sa mai shago ya rufe da wuri. An yi taruka a kansu, an rubuta rahotanni da Faransanci, an kama, an saki. Wadda ta shiga ta zauna ta saurare su da kamara a hannu ita ce Aïcha Macky, haifaffiyar Zinder a 1982, wadda ta karanta ilimin zaman jama'a kafin ta koma sinima.

Fim ɗinta mai suna Zinder ya fito a 2021; an fara nuna shi a bikin fina-finai na Nyon a ƙasar Suwis, aka kuma kai shi FESPACO a Wagadugu a wannan shekara. Wanda ya gan shi ba zai manta da samarin da suka laƙaba wa ƙungiyarsu sunan Hitler ba, ba tare da sun san ko wane ne shi ba, sun dai ji an ce wani jarumi ne da ba ya tsoro. Ba zai manta da masu fasa dutse da guduma ba, da masu shigo da man ruwa-ruwa daga iyakar Najeriya cikin dare, rai a hannun Allah, da tsohon ɗan pale da ya koma kabu-kabu yana fama da abin da hannunsa ya aikata, da matan da ke ɗauke da tabon wuƙa a jiki. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma tsine musu ba. Ta bar su sun yi magana da Hausarsu, har mai kallo ya gane cewa mai ɗaga ƙarfen nan burinsa bai wuce ya sami aikin gadi da albashi ba. Ita kanta Aïcha ba daga sama ta faɗo ba: ta bi ta dandalin fina-finan gaskiya da Inoussa Ousseini ya kafa a Yamai, ta yi karatun sana'ar a can da kuma Senegal, ta yi fim ɗin L'arbre sans fruit a 2016 a kan matan da ba su sami haihuwa ba. Wato wanda ya ɗauki wasan kara a 1980 shi ne ya share fagen da ƴar Zinder ta bi ta koma ta ɗauki Kara-Kara bayan shekara 40. Igiyar maigida da yaro ba ta tsinke ba, ta dai yi siriri ƙwarai.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda aka ɗauka da wanda ya ɗauka. Samarin Kara-Kara duniya ta gan su, amma ta idon wata. Mataki na gaba shi ne ƙannensu, ƴan shekara 14 zuwa 18, su riƙe na'urar da kansu, gwani na tsaye a bayansu kamar yadda magini ke tsayawa bayan mai yaɓe. Me zai koya musu wanda ba su sani ba, tun da sun fi shi saurin latsa waya? Zai koya musu cewa ba a ɗaukar mutum sai an yi sallama an nemi izini, kuma in ya ce a'a an bar shi. Zai koya musu cewa hasken safe da na la'asar su ne abokan fuska, na tsakar rana kuwa rami yake tonawa a ƙarƙashin ido. Zai nuna musu cewa murya ta fi hoto wuyar kamawa, cewa iskar hunturu na iya cinye maganar dattijo duka in ba a kare makirfo ba, cewa tambaya gajera ta fi doguwa jawo amsa, kuma bayan an yi ta sai a yi shiru. Zai zaunar da su gaban kwamfuta su ga yadda awa uku ke komawa minti biyar, su ji zafin zubar da abin da suka sha wuya a kansa. Mafi girma duka, zai nuna musu yadda yanka da haɗi ke iya sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Yaron da ya taɓa yin wannan da hannunsa, ba kowane hoto da aka turo masa a WhatsApp zai sa ya fita titi da galan ba.

Na san abin da wasu iyaye da malamai za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Sun ga abin da waya ke shigowa da shi ɗakin yara, sun ji labarin ƴan fim da ba su so ƴarsu ta bi. Amma wayar ta riga ta shigo, ba ta nemi izinin kowa ba. Zaɓin da ya rage shi ne ko yaro ya koya a fada tsakar dare daga wanda ya girme shi da shekara biyu, ko ya koya da rana a wurin da uba zai iya leƙawa, gaban mutumin da aka san gidansu. Game da ƴan mata kuwa, su ne ma ke da abin da maza ba su da shi: suna shiga cikin gida. Waƙar daka da ta niƙa, tatsuniyar kaka, yadda ake jeren ɗakin amarya, labarin tsohuwar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984, babu namijin da zai wuce zaure ya ɗauko su.

Saura maganar kuɗi, kuma a nan da ƴan kasuwa nake. A Zongo har yau ana nuna gidan Malam Yaro, attajirin da fataucinsa ya kai Tarabulus a ƙarshen ƙarni na 19. Dukiyarsa ta tafi, raƙumansa sun tafi, abin da ya rage ana tunawa da shi shi ne aikin maginan da ya biya. Attajiran Damagaram na yau ba su gaza shi hannu ba. Suna gina masallatai, suna kai mutane hajji, suna raba hatsi da azumi, Allah ya saka. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli, da kwamfuta uku ko huɗu, da makirfo, da faifan hasken rana a kan rufi domin wutar da ke zuwa daga Najeriya ba ta da alkawari, kamar yadda aka gani da aka yanke ta a Agustan 2023, da albashin gwani ɗaya na shekara: duk wannan bai kai kuɗin tirela ɗaya ba. Ba sadaka ce zalla ba kuma. Mai shago na buƙatar talla, mai biki na buƙatar wanda zai ɗauka, gidajen radiyo masu zaman kansu na neman wanda ya iya haɗa sauti, kuma a yanzu mai son aiki mai kyau sau da yawa sai ya aika Kano ko Yamai.

Na ce albashin shekara da gangan. Mun saba da horon kwana 10 da ƙungiyoyin agaji ke kawowa: a zo da mota fara, a tara yara 20, a raba riga da kuɗin zama, a ɗauki hoton rufe taro, a kwashe na'urori a koma. Ba a ce ba shi da amfani ko kaɗan ba, wani yaron a nan idonsa ke buɗewa. Amma babu maginin da ya taɓa fitowa daga horon kwana 10. Abin da ke sa sana'a ta zauna shi ne gwani ya kasance a garin, a san ƙofarsa, yaro ya kawo aikin banza a ce masa na banza ne, ya koma ya sake, ya dawo bayan wata uku. Jami'a na nan tun 2010, da malamai da ɗalibai masu iya taimakawa. Tsofaffin ma'aikatan radiyo da telebijin da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida da ilimin shekara 30 a ka, ba mai tambayarsu.

Kada kuma a tsaya a birni. Mirriya, mai tazarar kilomita 18 gabas, tana da lambuna da masu ginin tukwane da kasuwar Lahadi. Matamaye da Magariya na kan hanyoyin Najeriya, yaransu sun san iyaka fiye da jami'in duwan. Gure na kallon rairayi yana matsowa, Tanut na bakin Damargu inda manomi da makiyayi ke haɗuwa a rijiya ɗaya. Yaron Zinder bai san rayuwar yaron Tanut ba, na Tanut bai san ta Magariya ba, dukansu kuwa sun san lungunan Kano da na Bombay ta fim. In aka ba kowane gari yara biyar da waya ɗaya mai kyau, gwani na zagayawa wata-wata yana duba aiki, a ƙarshen shekara a kafa farin ƙyalle a filin kowane gari a nuna na sauran, jahar za ta ga fuskarta karo na farko.

Aikin farko da za a ba su ma yana jira, kuma ba ya jiran kowa da daɗewa. Tun 2006 Birni da fadar sarki ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO domin a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma takarda ba ta tare ruwa. A farkon Satumban 2024, bayan ruwan sama irin wanda aka daɗe ba a gani ba, tsohon masallacin ƙasa na Birni, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Hotunan suka bazu a wayoyi cikin sa'o'i kaɗan, kowa ya ga tarin ƙasa inda dā ake sahu. Rushewar an ɗauke ta. Abin da ya kamata a ce an ɗauka tun da wuri shi ne ginin yana tsaye, kusurwa bayan kusurwa, da muryar limamai da ladanai da maginan da suka san inda ake yi masa yaɓe kowace shekara. Gidajen Birni masu zane da suka rage, wasu an shafe su da siminti, wasu magada sun watse sun bar su ga jemagu, wasu tsagewa ta kama su daga zanko har ƙasa. Tsofaffin maginan da za su iya tsayawa gaban bango su ce wannan hannun wane ne, ɗan wane, ba su da yawa, kuma jikokinsu na zaune a fadar da ke bakin lungun, da waya a hannu.